Ƙugiya Ɗaya a Shafin Hanne

A Gafasa idan ka tambayi gidan Malam Maiwada, sai an ɗan yi tunani kafin a nuna maka. Amma ka ce gidan Malam Ƙugiya, ko akuya ta san hanya. Sunan ya bi shi tun yana koyar da Hausa a firamare, domin a duniya ba abin da ke tayar masa da hankali kamar ya ga an rubuta ɗ ko ƙ ko ɓ ba a sa musu ƙugiyarsu ba. Ɗalibi ya zo a makare, Malam zai yafe. Ɗalibi ya rubuta "kasa" alhali ƙasa yake nufi, to ranar ba mai fita tara a ajin. Ya taɓa sa ɗan acaɓa ya tsaya a tsakiyar Gaya saboda wani allo da aka rubuta wa "Masaukin Baki", ya shiga ya tambayi mai wurin ko harshe da haƙora ma ana ba su ɗaki.

Shi kansa yana dariyar wannan hali nasa, amma bai taɓa yunƙurin dainawa ba. Matarsa Hanne kuwa ta mayar da abin abin tsokana. Ranar da gugan maƙwabta ya tsinke a rijiya suka aiko aron ƙugiya, ta ce a duba zaure, tana can zaune tana karatu, sai dai ba ta jin za ta iya ciro ko moɗa.

Haka suke, shi da Hanne. Shekara talatin da ɗoriya suna tare, kuma ba a cika wayewar gari ba su taɓa ba. Ta ce ya bar takardu a kan buhun gero, ya ce geron ne ya zo ƙarƙashin takardunsa. Ya ce miya ta yi gishiri, ta ce bakinsa ne ya tsufa. Unguwa duk ta san muryarsu, har idan aka ji gidan shiru sai a leƙo a tambayi lafiya. Abin da unguwa ba ta lura da shi ba, Malam ya lura. Duk shekarun da albashi ke makara, man gyaɗa da ƙuli-ƙulin Hanne ne suka riƙe tukunya. Duk safiyar da ya zauna rubutu bayan sallar Asuba, ita ce ke kore kaji da jikoki daga bakin ƙofarsa, tana mita tana korewa. Ya san wannan sarai, yana kuma jin daɗinsa har cikin ransa. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce mata komai a kai ba. Ya iya tsayawa gaban aji ya yi awa yana bayani a kan harafi ɗaya, amma ya dubi matarsa ya yaba mata, sai ya ji harshensa ya yi nauyi, sai ya tambaye ta ina ta ajiye masa hularsa.

Kafin ya yi ritaya ya buga littattafan labari uku. Na farko gara ce ta karanta shi, kuma ya sha cewa bai taɓa samun mai karatu mai naci irinta ba, tunda ba ta bar ko bango ba. Na biyu ya raba wa dangi kyauta, kowa ya ce Allah ya ƙara basira, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya faru da jarumin. Na uku ya ci karo da shi a kasuwar Ajingi, an naɗe masa awara da shafi guda. Ya tsaya a wurin ya cinye awarar, ya karanta shafin, ya kuma tsinci kuskure a layi na biyu.

Da ya ajiye alli, sai ya yanke shawarar rubuta ɗan littafin nasiha ga marubuta. Hanne ta tambaye shi wace nasiha gare shi, shi da littattafansa ke kwance a ƙarƙashin gado. Ya ce ai ba wanda ya kai shi sanin yadda littafi ke mutuwa, tunda ya yi jana'izar uku. Ya sa masa suna Kafin Ka Kai Maɗaba'a, kuma maganar gaskiya littafin ya yi kyau. Ya ce wa marubuci ya ware lokaci guda kullum ya zauna, ko da layi biyar zai samu, ya daina jiran wai sai ilhama ta sauko. Ya ce idan ka gama, ka ture rubutun gefe ya huce, kada ka taɓa shi sai ka fara manta shi. Sannan ka karanta shi da ƙarfi, domin inda numfashinka ya sarƙe, nan jimlar ta yi tsawo. A kan sayarwa ya ce kada ka buga da yawa don a ce ka buga. Kada ka raba wa dangi, su ne masu kai wa mai awara. Ka ɗauki littafinka ka kai shi inda mutane suke, ranar kasuwa, bakin makarantu, zaurukan marubuta na waya, ka kuma iya faɗin abin da ke cikinsa kafin mai saye ya gama ɗaure igiyar buhunsa.

Babi na huɗu shi ne abin alfaharinsa. Nan ya ja kunne da manyan baƙaƙe cewa kada marubuci ya zama shi kaɗai ne mai gyaran rubutunsa. Ka ba wanda ba ya jin kunyarka ya duba maka. Kada ka yarda a buga sai ka ga samfurin da idonka. Ka fi tsananta bincike a shafukan farko, suna da godiya da sadaukarwa, domin nan ne ido ke tsallakewa.

A shafin sadaukarwar ne ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya daɗe yana juya maganar, ya rubuta ya soke, har ya tsaya a kan layi ɗaya: "Ga matata Hanne, wadda ta mayar da gidana fada." Gidan ƙasa ne mai ɗaki uku, rufin ɗaya ma yana yoyo, amma shi haka yake jin sa, kamar fadar sarki, kuma ita ce sanadi. Ya ƙudura cewa ba za ta gani ba sai ranar ƙaddamarwa, a karanta a gaban jama'a, wani ya faɗa da bakinsa, shi kuma ya sunkuyar da kai kamar ba shi ba. A ganinsa ya samo dabarar da zai biya bukata ba tare da ya sha kunya ba.

Ya kai aikin Kano wurin wani mai buga littattafai, Musbahu. Bayan kwanaki Musbahu ya kira ya ce samfuri ya fito, Malam ya zo ya duba. Lokacin ana tsakiyar cirar gyaɗa, ga hadari yana ta haɗuwa. Malam yana duƙe a gona, waya a kunne, ya ce, "Musbahu, aikin da na duba da kaina me za a sake dubawa? Buga kawai." Wato mutumin da ya rubuta babi na huɗu ke nan.

Da kwalayen suka iso ya buɗe a zaure, sai da ya nemi wuri ya zauna. Babu ƙugiya ko ɗaya a littafin, tun daga bango har bango. Sunan ma ya koma Kafin Ka Kai Madaba'a. Nan take ya kira Musbahu. Musbahu ya ce wallahi da ya sauya salon rubutun a kwamfuta sai haruffan suka zama akwati-akwati, shi kuma ya ga gara ya mayar da su na yau da kullum. "Ai Baba, kowa zai gane. Yanzu wa ke kula da wannan?" Malam ya kashe wayar, don ya ji abin da ke shirin fitowa daga bakinsa bai dace da mai furfura ba.

A sake bugawa ba hali. A fitar da shi haka kuwa, littafin Malam Ƙugiya ba ƙugiya, gara ya bar garin. Sai ya sayo baƙin biro kwali guda, ya rufe zaure, ya ce kada wanda ya shigo. Ya ɗauki kwafi ɗaya ya bi shi harafi-harafi yana lanƙwasa kan kowace ɗ da ƙ da ɓ, sannan ya riƙa kwafa daga wannan zuwa sauran. Makonni ya yi a haka, har yatsansa ya yi kanta. Khairiyya, autarsu da ke karatu a Kano, ta zo hutu ta ce, "Baba, kawo in taya ka, ido biyu ya fi ɗaya." Ya ce a'a. Hanne ta leƙo da kwanon fura ta ce ko ita ma ta iya ja wa harafi wutsiya, ya yi maza ya kife littafin ya ce wannan ba aikin ƙuli-ƙuli ba ne. Ta ajiye furar da ƙarfi ta fita. Duk don kada su ga shafin nan.

Matsalar ita ce shi ma bai iya kallon shafin. Ko shi kaɗai a zaure, idan ya buɗe wurin sai ya ji kunya ta kama shi kamar an kama shi yana leƙen wani gida. Sai ya dube shi a kaikaice, ya yi abin da zai yi, ya juya da sauri. A cikin littafin kuwa kalmar "fada" ta fito ba adadi, kuma kusan ko'ina faɗa ake nufi: marubuci ya faɗa, labari ya faɗa, kada ka faɗa tarko. Hannu ya riga ya saba. Da ya zo kan layin Hanne, biro ya yi aikinsa, ido bai tsaya ya tambaya ba. Daga kwafin farko kuma abin ya bi sauran gaba ɗaya.

An yi ƙaddamarwar a ɗakin taron wata makaranta a Gaya. Mutane sun zo fiye da yadda ya zata: tsofaffin malamai, matasan marubuta daga Ajingi da Balan, har da waɗanda suka ji ƙamshin waina suka shigo. Wainar Hanne ce ta soya. Ta zo a adaidaita sahu ita da ƙawayenta, ta ci ado da sabuwar atamfa, ta zauna a sahun gaba na ɓangaren mata. Malam ya saci kallonta sau ɗaya, murna ta kama shi.

Mai sharhin littafin Sharfaddeen ne, tsohon ɗalibinsa da yanzu ke koyarwa a kwaleji, mutum mai ladabi da tsantseni. Ya yabi babi na huɗu sosai. Sannan ya ɗaga littafin sama ya ce, "Jama'a, ku san wani abu. Duk ƙugiyar da kuka gani a cikin nan, Malam ne ya sa ta da hannunsa, da saninsa, ɗaya bayan ɗaya. Ni da na zauna a ajinsa na shaida, Malam bai taɓa sa ƙugiya a inda ba wurinta ba." Aka yi tafi. Malam ya gyara zaman babbar rigarsa. Sai Sharfaddeen ya ce bari ya karanta sadaukarwa, ya gyara murya, ya karanta abin da ke gabansa tsakani da Allah:

"Ga matata Hanne, wadda ta mayar da gidana faɗa."

Wani daga baya ya fashe da dariya, sai kowa ya bi. Aka yi ta dariya har da masu buga benci. Wani tsoho ɗan Gafasa ya ce, "Wallahi Malam ya faɗi gaskiya, mu ne shaida!" Abin da ya sa dariyar ta yi ƙarfi ke nan, kowa ya san gidan, ba wanda ya ga alamar kuskure. Malam ya miƙe yana cewa, "Fada ce! Fada!" amma muryarsa ta nutse, waɗanda suka ji ma suka ɗauka ƙari yake yi. Ya juya wajen mata. Hanne ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Ta gyara mayafinta, ta jira aka yi addu'a, ta tattara kwanukan wainarta ta fita.

Ya koma gida a shirye ya sha faɗan da bai taɓa sha ba, har yana fatan a yi shi a wuce wurin. Bai samu ba. Ta ce masa sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta kawo tuwo. Ya ce miyar ta yi gishiri, alhali ba ta yi ba, don dai ya ji ta tanka. Ta ce, "To, Malam, gobe a rage." Washegari ya baza takardu a kan buhun gero da gangan, ta zagaye su ta wuce. Gidan ya yi shirun da bai taɓa yi ba, maƙwabta suka fara leƙowa. Malam ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya ji ciwon abin ƙwarai, domin ya san ba fushi take yi ba. Ta yarda ne cewa abin da ya tara a ransa game da ita ke nan duk shekarun nan, ya kuma zaɓi ranar da ta yi ado ya faɗa wa duniya.

Ya gwada yi mata bayani irin na aji. Ya ɗauko tsinke ya zana d da ɗ a ƙasan tsakar gida, ya nuna mata bambancin, ya ce hannu ne ya zarce. Ta dubi zanen ta ce, "Malam, kai ne fa Ƙugiya. A gaban jama'a aka ce ba ka taɓa sa ta inda ba wurinta ba, ka kuma gyara riga. Na gan ka." Ta ɗauki tsintsiya ta share wurin.

Abin haushi, littafin sai ya kama tafiya. Gwadabe, mai shagon littattafan makaranta a Gaya, ya kira shi yana murna ya ce littattafan da Malam ya bar masa tun kafin taron sun ƙare, a ƙaro. Mutane na zuwa suna cewa a ba su littafin nan da malami ya yi wa matarsa tatas. Wani ya ɗauki hoton shafin ya sa a zauren marubuta, aka yi ta yaɗawa. Duk dabarun sayarwa da ya tsara a babi na shida ba wadda ta yi aikin da wannan ƙugiya ɗaya ta yi. Gwadabe ya ce, "Malam, a bugu na biyu kada ka kuskura ka gyara." Malam ya ce ba zai ƙaro ko ɗaya ba. Littafinsa na farko ke nan da aka nema da kuɗi, kuma shi ne ya hana.

Sai ya sayo reza. Ya zauna a zaure ya buɗe kwafi ɗaya, ya shiga kankare ƙugiyar a hankali. Takardar Musbahu ba ta da kauri. Ƙugiyar ta fita, ta tafi da harafin gaba ɗaya, ta bar huda. Ya gwada na biyu, haka. Ya zauna yana kallon hudar, shi da kansa sai da ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi. Ya ɗauki littafin haka nan ya shiga cikin gida.

Hantsi ne, Hanne na tsakar gida tana matsar tunkuza, mai yana tsatsowa a cikin kwano. Ya tsaya a kanta ya miƙa mata littafin a buɗe. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta iya karatun boko daidai gwargwado, sai ta bi layin da yatsa a hankali har ta zo wurin. Ta ɗaga shafin sama, ta leƙo shi ta hudar da ido ɗaya.

"Yanzu kuma me na mayar da gidan naka? Rami?"

Wannan ce magana mai ƙaya ta farko da ya ji daga bakinta tun ranar Gaya, sai ya ji kamar an yi masa bushara. Ya fara cewa ai takardar ce ba ta da kyau, Musbahu ne, rezar ce. Ta rufe littafin ta ajiye a kan turmi.

"Malam, ni fa ba takarda na aura ba. Ka sa biro, ka sa reza, ka sa Sharfaddeen. Kai ba ka da baki ne? Me ka so ka ce? Faɗa mini."

Ya dubi ƙofar gida ko wani zai yi sallama ya cece shi. Ba kowa. Ya cire hula ya mayar. Harshen nan ya yi nauyin da ya saba, har ya ji tambayar ina hularsa tana tahowa, alhali tana kansa. A baki dai ba a ruɗa kalmomin nan biyu, ko yaron goye ya san fada daban, faɗa daban. Ya dubi kwanon man gyaɗa, don ba zai iya duban ta ba, ya ce da wata murya da shi ma bai san yana da ita ba:

"Cewa na yi kin mayar mini da gidan nan fada, Hanne. Tun ranar da kika shigo shi."

Ta ci gaba da matsar tunkuzar, ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya rage sauri. Can ta ce, "Fadar da ɗakinta ke yoyo tun bara, na yi magana har na gaji."

"Za a gyara."

"Haka ka ce bara." Ta juya tunkuzar, ta sake dannawa. "Kuma ban ji farkon maganar sosai ba. Injin niƙan nan ya cika ƙara. Sake faɗa."

Malam ya kasa kunne. Injin niƙan unguwar ya kwana biyu a lalace, kowa ya sani, ba abin da ake ji sai kukan kurciya a kan darbejiya. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da ita, ya gyara murya, ya sake faɗa.